Carbi a Kan Ƙusa

Masu bibiyar labarina, sallama gare ku duka. Na karanta saƙonninku na makon jiya ɗaya bayan ɗaya, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa, "Kina 'yar jami'a ki rasa wanda za ki so sai tsohon fursuna?" Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Abin da kika rubuta sau ɗaya, a gidanmu da shi ake karya kumallo kullum.

Saboda waɗanda yau suka fara: sunana Zinatu, 'yar Alhaji Magaji mai albasa a Aliero. Ni ba mai magana ba ce. Inna takan ce ungozoma ce ta manta ba ta buɗe mini baki ba. Idan aka yi baƙi, nawa in kawo ruwa in koma bayan labule, amma da wuya abu ya wuce idona. Abin da bakina ya kasa shi nake rubuta muku.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni bincike a kan mutanen da suka fito daga gidan gyaran hali: su wa ke komawa, su wa ba sa komawa, kuma ko sana'ar da ake koya musu a ciki tana hana komawar. Neman wanda zai yarda ya yi magana da ni ya kai ni wani shagon walda a bayan tashar Jega. Na tafi da tambayoyi, na dawo da abin da babu shi a cikin tambayoyin.

Mai shagon, Waliyyu, bai ɓoye mini komai ba tun ranar farko.

"Shiga biyu na yi," ya ce, yana goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa. "Ta farko injin ban ruwa munka ɗauke a fadama, ni da abokai. Can ciki babu aikin fari babu na baƙi, zama kawai. Kin san albasa cikin buhu in ɗaya ta ruɓe? To haka. Na shiga ban iya buɗe kwaɗo ba, na hito gwani."

"Ta biyun fa?"

"Ta biyun na ishe an buɗe wurin koyon sana'a, anka ba ni ga Oga Usmanu mai walda. Wanda ya wuni shina bugun ƙarhe, Malama, in anka kulle ƙofa barci shika nema, ba faɗa ba. Kuma duk wanda ya yi faɗa hidda shi ake yi daga shagon. Babu horon da muke tsoro kamar wanga."

Abin da ya fara ɗaukar idona a shagonsa ba shi ba ne, Allah na tuba, wani allo ne. Ƙaton katako ne da aka shafa wa farin fenti aka kafe a bango. An zana surar kowane kayan aiki da baƙi: guduma, filaya, zarto, magagari, sufana daga babba har ƙarama. Kowace sura da ƙusarta, kowane ƙarfe yana rataye daidai a kan zanensa, kuma duk an shafa musu rawaya a mariƙi. Ya ce haka Oga Usmanu yake yi. A can ciki kowa yana da ɗan gwangwani mai lambarsa. Idan ka ɗauki kaya sai ka rataye lambarka a ƙusar. Da yamma babu mai fita sai kowace sura ta cika.

Da ya fito, da wannan dokar ya fito. Tun da mutanen Jega ba su da lamba, duk mai son aro sai ya rataye wani abu nasa. Wani hula, wani makullin babur. Wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, takalminsa wari guda ya rataye, ya tafi yana ɗingishi, mahautan da ke gefe suna ta sheƙa dariya. Sukan ce masa, "Waliyyu, an sake ka daga gidan yari amma ka taho da shi bisa kai!" Sai ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya ɗauka shi ka rataye nashi. Ko ubana ya zaka."

Wannan allon ne ma ya fara buɗe mana ƙofa a gida. Da maganarmu ta fito, Baba ya tura ƙanensa Baffa Ɗalha ya binciko. Baffa ya je kamar baƙo, ya ce babur ɗinsa ya lalace, a ara masa sufana. Waliyyu bai san shi ba, ya sa dattijo ya cire hularsa ya rataye. Baffa ya dawo gida yana dariya har da hawaye, ya ce wa Baba, "Yaya, wanda ya sa ni tsayawa kai babu hula saboda sufana guda, ba ya cin amanar ɗiyar mutane." Baba ya yi ta jan ƙafa, daga baya dai ya ce a bari a gama cirar albasa, sai manyansa su zo.

Mutum ɗaya ne bai taɓa saukowa ba, yayana Surajo. Shi ne namiji tilo a gidanmu, shi ne idon Baba a kasuwa. Ko sunan Waliyyu ba ya kamawa, "ɗan gidan kaso" yake cewa.

Shi ya sa farkon makon nan, da saƙon Waliyyu ya shigo ina tsinkar zogale, sai da na maimaita karantawa.

"Malama, albishirinki."

"Goro fari."

"Yau yayanki ya shigo shagona da ƙafarshi. Ya zauna bisa benci, har ya sha ruwana."

"Yaya Surajo??"

"Shi dai. Ya ce min sannu da aiki. Wallahi sai da na ji kamar ranar da anka sake ni."

Na rungume wayar kamar wata shashasha. Ban tambaye shi abin da ya kai Yaya ba. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba.

Jiya da hantsi labari ya iso Aliero tare da motocin albasa. An shiga gonar wani Alhaji Hafizu a Karaye, an datse sarƙar da ya ɗaure injin ban ruwansa, an yi gaba da injin. A cikin ciyawa, kusa da sarƙar, an tsinci babban almakashin yankan rodi mai rawaya a mariƙi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tashar Jega ya san mai wannan fentin. A Maiyama 'yan sanda suka sami Waliyyu, yana kafa wa wani gida ƙofa. Ko shagonsa bai koma ba.

Injin ban ruwa. Ku dubi abin, don Allah. Da ma akuya ce, ko babur. Amma ainihin abin da ya fara kai shi gidan yari.

Inna ta shigo ɗakina ta same ni zaune a bakin gado, ɗankwalina a ƙasa.

"Ki gode Allah, Zinatu, da abin ya hito tun ba a kai ko goro ba."

Na sunkuya na ɗauki ɗankwalina.

"Ki yi kukanki ki gama. Babanki ya ce gobe bayan la'asar shina son ganinki a zaure, da Baffanki. Ki tattara duk abin da yaron nan ya taɓa ba ki."

Abin da ya taɓa ba ni: 'yar kujerar ƙarfe ta tsugunno da ya ƙera don kada bayana ya yi ciwo wurin girki, da madubi mai firam ɗin ƙarfe da ya lanƙwasa kamar ganyen albasa. Na kalle su na kalle su. Ba zan yi muku ƙarya ba, shakka ta shige ni. Ni ce na zauna da mutanen da suka koma sau uku, sau huɗu, na ji yadda kowannensu ya taɓa rantsuwa cewa ya daina. Wata zuciyar ta ce mini, ke wace ce da za ki ce naki daban ne? Wata kuma ta ce, mutumin da ba ya iya rufe shago sai ya ga kowace sura ta cika, shi ne zai bar almakashinsa a cikin ciyawa ya tafi?

Yau da safe baƙuwar lamba ta kira ni.

"Ke ce Zinatu? Aliya ce, yayar Waliyyu. In kina da ƙafa ki zo Jega yanzu. In kuma son naku na waya ne, ki faɗa min in san inda dare ya yi min."

Sau ɗaya na taɓa ganinta. Doguwa ce, mai sayar da waina a bakin tasha, muryarta tana kaiwa tsallaken titi. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

Na ce wa Inna zan kai ɗinki. Na saka doguwar rigar atamfa mai ruwan ƙasa, na zura hijabi ruwan toka har ƙasa, wanda ba ya jan ido. Na cusa wani yadi a leda don ƙaryata ta sami abin riƙewa. A hannuna na hagu akwai awarwaron azurfar da Baba ya sa maƙeri ya yi mini da na gama jami'a, an rubuta ZINATU MAGAJI a cikinsa. Ban taɓa cire shi ba, ko wanka zan yi. A tsakar gida na wuce Yaya Surajo yana zaune a kan turmi, yana kallon wuri ɗaya, yatsansa yana juyawa a iska. Na gaishe shi, bai ji ba.

Motar da na shiga cike take da warin albasa da maganar Waliyyu.

"Ai ɓarawo ko Makka ya tahi, ka duba takalminka."

"Gwamnati ce da ɓata ƙarhe. Ka koya wa ɓarawo yankan rodi, mi kake jira?"

"Kai kuma ƙofar gidanka wa ya yi ta?" wani dattijo ya tambaya daga baya.

"Shi ya yi. Yau zan canza kwaɗo."

Aka yi dariya. Na ja hijabina na rufe baki, na ƙura wa gonaki ido har muka shiga Jega.

Aliya tana tsaye a ƙofar shagon, ta yi ɗamara da gyale, makulli a hannunta. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Na kai mishi abinci Maiyama. Ya ce musu almakashin aro ya bayar. Sunka ce wa ka ba? Ya yi shiru. Sunka juya shi, sunka juya shi, shiru. Gobe da sahe za su kawo shi nan su bincike shagon, daga nan sai kotu." Ta matso kusa da ni. "Kin san mi ya ce min da ɗan sandan ya ba da baya? Ya ce, Aliya, ki tahi shago, abin da kinka gani bisa ƙusar almakashi ki cire ki jefa rijiya."

Na kalli ƙofar shagon.

"Na ce, don uban wa? Ya ce, ni na san wurin, Aliya, na san yadda ake kwana na san yadda ake tashi. Shi bai sani ba. In ya shiga irin shigata ta farko, ba ya hitowa mutum." Ta juya makullin a hannunta. "Na ce, shi wa? Ya ce in dai ina ƙaunarshi in jefa. To ni ban jefa ba. Na buɗe na gani, ban san ko na wane ne ba. Amma na san ƙanena. Mutum ɗaya ce duniya zai yi wa wagga wauta."

Ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙofar.

Shagon yana nan a share tsaf, kamar ya fita sallah ne zai dawo. Wata ƙofa da bai gama ba tana jingine, gilashin waldarsa a kan benci. Na ɗaga ido ga allon. Guduma tana kan surarta. Filaya, zarto, sufana, duk suna nan. A can gefen dama, doguwar surar almakashi ce kaɗai take fayau, baƙin zane a kan fari. A ƙusarta kuwa carbi ne rataye.

Kore ne, irin na tsarabar Madina, akwai irinsa dubu a Jega. Amma wannan da jan zaren saƙa aka shirya shi, kuma a inda ya kamata a ga tuntu, farin maɓallin riga ne. Baba ya kawo wa Yaya Surajo shi daga aikin hajji. Da ya tsinke bara, ni na bi ƙasa na tsince 'ya'yan, ni na zura su a zaren da nake saƙa hular jariri, ni na ɗaura maɓallin don tuntun ya ɓata. Kullum yana yatsan Yaya, yana juya shi ko yana ciniki, ko yana faɗa.

Sai na tuna yatsan nan da na gani da safe yana juyawa a iska, babu komai a jikinsa.

Na zauna a kan bencin, wataƙila daidai inda ya zauna ya sha ruwa.

"Kin san shi," Aliya ta ce. Ba tambaya ba ce.

Na gyaɗa kai.

"Na wa ne?"

"Yayana."

Ta yi salati a hankali, ta jingina da bango. A waje ana ta kiran Birnin Kebbi, Birnin Kebbi, saura mutum ɗaya.

Ban san ko Yaya ne ya datse sarƙar da hannunsa ba, ko wasu ya miƙa wa almakashin. Har yanzu ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya shigo shagon mutumin da ya tsana, ya ce masa sannu da aiki, ya sha ruwansa, ya zaɓi ƙarfe mai fentin da kowa ya sani. Kuma ya rataye carbinsa yana ganin wasan yara ne, irin wanda mahauta ke yi wa dariya. Bai san a wurin Waliyyu wannan ƙusar ta fi rantsuwa ba.

Na kuma san abin da shiga ta uku take nufi. Alƙali ba zai kalli ƙofofin da ya ƙera ba, shiga biyun farko zai kalla. Shagon zai tafi. Kuma duk wani mai fitowa bayansa da sana'a a hannu, mutanen motar nan za su ce masa, ai mun ga Waliyyu.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Yaya Surajo ne.

"Ina kike? Inna ta ce ɗinki. Wane irin ɗinki ne tun safe?"

Wani ya biyo baya: "Kada ki kuskura ki je inda nake zato."

Na miƙe, na sa hannu na zare carbin daga ƙusar. Ku tambaye ni me na yi niyyar yi da shi a wannan lokacin, wallahi ban sani ba. Rabin zuciyata tana cewa Baba zan kai wa. Rabin kuma, ba zan ɓoye muku ba, tana tuna cewa akwai rijiya a bayan gidanmu. Yayana ne. Shi yake goya ni zuwa makarantar allo idan ƙasa ta yi zafi.

Na juya zan fita, sai na tarar Aliya ta cika ƙofar, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Ina zuwa, 'yar boko?"

"Gida. Babanmu zan nuna wa."

"In ya karɓe ya saka aljihu fa? Ɗanshi ne. Ni mai waina ce, yayar ɓarawo. Wa zai ji tawa?" Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Ba ni kokawa da ke. Amma nan shagon ƙanena ne, kuma kin san dokarshi. Kin ɗauka. Mi kinka rataye?"

La'asar ta yi kafin in isa gida. Inna ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ina ɗinkin?"

"Telan ba ya nan."

"Wuce, suna jiranki." Ta kama hannuna za ta gyara mini hijabi, sai ta tsaya. "Ke, ina..."

Muryar Baba ta katse ta daga zaure. "Zinatu!"

Baba yana zaune a kan buzunsa, farar jamfa, gilashi a hanci. Baffa Ɗalha yana gefe, ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. An riga an fito da 'yar kujerar da madubin, an ajiye su a tsakiya kamar kayan gawa. Yaya Surajo yana tsaye jikin bango, ya harɗe hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ji motsin Inna a bayan labule.

"Ba doguwar magana ba ce," Baba ya ce. "Na ba da dama don Baffanki ya roƙe ni. Allah ya nuna muna. Daga yau babu ke babu yaron nan. Ki ba yayanki waya shi goge lambarshi."

"Ni na kai ku ga kunya, Yaya," Baffa ya ce a hankali. "Hula ta ruɗe ni."

"Tun farko mi na ce?" Yaya Surajo ya karɓe. "Hali zanen dutse ne. An koya mishi walda, an koya mishi walda. To ga waldar nan. Wanda ya saba da tuwon gidan kaso ko an yi mishi na shinkafa sai ya koma. Kawo wayar."

Ya miƙo hannu. Na kalli hannun. Tun da nake ban taɓa yin magana a zauren nan ba sai "to" da "na gode." Na sa hannu a cikin hijabi kamar wayar zan ɗauko.

Na ajiye carbin a kan buzun Baba.

Baba ya gyara gilashi, ya ɗauka, ya juya farin maɓallin da babban yatsa.

"Wanga ai na Surajo ne. Ina kinka samo shi?"

"Shagon Waliyyu, Baba." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. "Bisa ƙusar almakashin."

Baffa ne ya fara ganewa. Ya ɗago kai a hankali, hannunsa ya tafi ga hularsa, ya tsaya a can.

"Inna lillahi," ya ce. "Yaya, shagon nan ba a ɗaukar ƙarhe sai an rataye..."

"Ɓata ya yi!" Yaya Surajo ya daka tsawa. "Tun makon jiya nike nemanshi! Ɓarawon ya sace ya rataye don shi ɓata min suna!"

"Waliyyu da kanshi ya aiko a jefa carbin rijiya," na ce. Ban san inda na samo ƙarfin ba. "Suna ta tambayarshi wa ya ba aro, ya ƙi faɗa. Ya ce shi ya san wurin, kai ba ka sani ba. Ya ce in ka shiga ba ka hitowa mutum."

Yaya ya ja da baya. Yatsansa ya fara juyawa, ya kama shi da ɗaya hannun.

"Surajo," Baba ya ce, bai ɗaga murya ba. "Dube ni."

Bai iya ba.

A bayan labule na ji Inna ta zame ta zauna a ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallon carbin. Na ga fuskarsa ta tsufa a gabana. Sai ya dunƙule shi, ya zura a aljihun jamfarsa, ya dafe aljihun.

"Ban da ke, wa ya gani?"

"Yayarshi."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Ya sauke numfashi. "To. Wagga magana ta mutu cikin zauren nan. Ni zan ga Alhaji Hafizu da kaina. Yaron kuma zan nema mishi lauya mai kyau, ba ni barin shi haka nan."

"Yaya," Baffa ya ce, "shiga ta uku ce. Lauya ba ya..."

"Ɗalha, ɗa guda gare ni!"

Abin da Aliya ta faɗa ya faru, harafi da harafi. Ban ga laifin Baba ba, ku ma kada ku gani. Na ga mutum ne da aka ce ya zaɓi idon da za a cire masa.

"Tashi ki shiga ciki," ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba.

Ban tashi ba.

"Baba."

"Na ce ki tashi."

"Ƙusar ba ta zauna hakanan ba."

Ya ɗago. Na janye hijabina daga hannun hagu, na miƙa shi gaba. Inda awarwaron yake zama, fatar ta yi fari kamar an zana zobe.

"Wanda ya ɗauka shi ka rataye nashi," na ce. "Ni na ɗauka. Gobe da sahe in sun buɗe shagon, sunana za su karanta, da naka. Nan za su zo su tambaye ni mi na cire. Kuma kai ka hore ni, Baba, ban iya ƙarya ba. Ko ta ɗinki da na yi wa Inna yau ba ta kai la'asar ba."

Inna ta saki salati da ƙarfi. Yaya Surajo ya yo kaina, Baffa ya miƙe ya shiga tsakani, dattijon da ko tsawa ban taɓa ji ya yi ba.

"Taɓa ta ka gani," ya ce.

Baba bai motsa ba. Idonsa yana kan farin zoben da ke hannuna, hannunsa yana cikin aljihu. Ina jin 'ya'yan carbin suna ƙara a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Can ya dafa ƙasa ya miƙe, ya zura takalmansa.

"Surajo, ɗauko makullin mota."

"Baba, ina za mu?"

"Jega." Ya juyo gare ni. "Ke ma taso. Kira matar nan ta kawo makullin shagon."

Yaya ne ya ja motar, Baba a gefensa, ni da Baffa a baya. Rana ta yi ja a kan gonakin albasa. Na ɓoye wayar a cikin hijabi na rubuta wa Aliya: "Muna tafe. Kada ki ba kowa makullin sai a hannuna."

Ta amso nan take: "Da mi ya taho?"

Na kalli ƙeyar Baba, na kalli hannunsa da har yanzu bai fito daga aljihu ba. Ban san me zan ce mata ba. Ƙusar ɗaya ce, kuma abu ɗaya za a tarar a kanta da safe: ko carbin ɗansa, ko awarwaron ɗiyarsa.